WA YA CE SAI TSARA DA TSARA AKE KARATU?

Malam Edita, ina roƙon arziki, ka ba ni ɗan fili a wannan mujalla tamu in fitar da wata magana da ta tsaya mini a maƙogwaro tun daren muhawarar da ƙungiyarmu ta shirya a zangon da ya wuce. Waɗanda suka halarta za su tuna an zo kan batun karantar da yara a gida, sai wani ɗan'uwa daga Sashen Ilmi ya miƙe, ya gyara zaman hularsa, ya ce wai duk wanda ya tara ɗan shekara 5 da ɗan shekara 15 a tabarma ɗaya ya ce karatu yake koya musu, to, raƙumi da akuya ya ɗaure a turke ɗaya, ba raƙumin zai ƙoshi ba, ba akuyar za ta tsira ba. Zaure ya ɗauki tafi. Ya ƙara da cewa ilmin zamani ya riga ya yanke hukunci: kowane yaro da tsararsa, kowace tsara da ajinta, kowane aji da manhajarsa, abin da ya saɓa wa haka kuwa gargajiya ce. Na ɗaga hannu har kafaɗata ta yi tsami, alƙalin muhawara ya ce lokaci ya ƙure. To, abin da baki bai samu faɗa ba, ga alƙalami.

Ban ambaci sunan ɗan'uwan nan ba, domin ba shi kaɗai ba ne. Ra'ayin yawancinmu ya faɗa, mu 'yan boko, har da wasu malamanmu, Allah ya gafarta musu, waɗanda na ga suna gyaɗa kai a sahun gaba. Ni ma da haka nake gani, sai da wuya ta koya mini.

A ƙarshen watan Maris na 2020 aka rufe makarantun ƙasar nan kaf saboda annobar korona, malaman jami'a kuma suna cikin yajin aikin da bai ƙare ba sai ranar 23 ga Disamba. Ina ajin farko a lokacin. Na tattara komatsaina na koma gida, na tarar da ƙannena huɗu suna zaman kashe wando: mai bi mini 'yar shekara 15 tana aji 4 na sakandare, sai namiji ɗan shekara 11 a aji 5 na firamare, sai 'yar shekara 8 a aji 3, sai Auta ɗan shekara 5 wanda ba a ma sa shi ba tukuna. Bayan mako guda Baba ya kira ni zaure ya ce, "Kai ne ɗan jami'a. Ga ƙannenka nan, kada a buɗe makaranta a tarar sun koma jakai." Na ce, "To, Baba."

Abin da na fara yi shi ne ainihin abin da ɗan'uwanmu na Sashen Ilmi yake wa'azinsa. Na sami kwali na zana jadawali, na raba gidanmu aji huɗu, wannan a zaure, wannan a gindin darbejiya, wannan a ƙofar ɗakin Inna, kowa minti 40. Ban yi kwana bakwai ba na gane na ɗebo ruwan dafa kaina. In ina wajen babbar, ƙananan suna kokawa. In na koma wajen ƙananan, babbar ta kifa kai tana gyangyaɗi. Auta kuwa ko ina na nufa yana riƙe da gefen rigata yana kuka, don shi bai ga dalilin da za a ware shi ba. Kowane yaro yana samun minti 40 na karatu da awa biyu na jira. Inna tana ta kallona, tana murza ƙuli-ƙulinta, ba ta ce uffan ba, sai ran da ta ga na zauna na dafe kai. Ta ce, "Kai, yaushe ka taɓa ganin an dafa wa kowa tukunyarsa a gidan nan? Tukunya ɗaya ce, kowa da girman malmalarsa." Washegari na yage jadawalin, na shimfiɗa tabarma ɗaya.

A kan tabarmar nan ce na gano abin da ya hana ni barci. Na miƙa wa ɗan aji 5 littafin Magana Jari Ce na ce ya karanta mana layi biyu. Ya ƙura wa takarda ido, ya soma haɗa wani labari daga kansa yana bin hoto. Jama'a, yaron nan bai iya karatu ba. Ba Turanci nake nufi ba, Hausar da ya tsotsa a nono. 'Yar shekara 8 ta karɓe littafin ta karanta, da in'ina dai, amma ta karanta. Shekara biyar ke nan yana ɗaukar jaka kowace safiya, kowace shekara ana ciyar da shi gaba, ba don ya iya ba, sai don shekarunsa sun ƙaru da ɗaya, kuma ana bukatar bencinsa. Takardar sakamakonsa tana nan a akwatin Baba, an rubuta ya ci. Ba na zagin malaminsa. Wanda aka tara wa yara fiye da yadda zai iya riƙe sunayensu, aka ce ya gama manhaja kafin ƙarshen zango, ba shi da lokacin tsayawa ya tambayi wane ne aka bari a baya. Amma ina tambayar ɗan'uwanmu: a ina aka ɗaure raƙumi da akuya a turke ɗaya? A tabarmata, ko a ajin da ya ce duk tsara ɗaya ne? Ajin nan da kake gani na 'yan shekara 11, a cikinsa akwai mai karanta jarida, akwai wanda bai san baƙi ba. Shekarunsu ne ɗaya, karatunsu ba ɗaya ba ne. Bambancin kawai shi ne a tabarma na san akwai bambanci, a aji kuwa an yi alkawarin kada a gani.

Yanzu ga matsala. Yaro ɗan shekara 11 yana da zuciya. In na ce ya koma ya fara daga a, ba, ca, a gaban ƙanwarsa da ta fi shi, na kashe shi da rai, kuma na tabbata da ya tsere bakin kasuwa. Sai na yi masa dabara. Na kira shi gefe na ce, "Ka ga aiki ya yi mini yawa, na ba ka Auta, kai ne malaminsa, nan da sallah ina so ya san baƙaƙe." Kowane dare in nuna masa baƙaƙe biyar a asirce, wai don ya san yadda zai koyar, da safe ya zauna ya koya wa Auta yana hura hanci, har da 'yar tsumagiyarsa wadda na ƙwace. Don kada ya ji kunya a gaban almajirinsa sai ya riƙa bita shi kaɗai a bayan ɗaki. Kafin a buɗe makarantu a watan Oktoba yana karanta shafi guda ba tsayawa. Auta ma ya san baƙaƙensa, amma wannan riba ce a kan uwar kuɗi. Ku gaya mini a wane aji na tsara ɗaya za a iya wannan dabara. Ba za a iya ba, domin babu Auta a ciki.

Lissafi kuwa sana'ar Inna ce ta zama littafinmu. Ranar da ta soya gyaɗa, Auta shi ke ƙirga ƙuli-ƙuli goma-goma yana tarawa. 'Yar shekara 8 ta haɗa adadin tarin ta faɗi kuɗinsu. Ɗan shekara 11 ya raba man da aka matse a kwalabe, ya faɗi abin da kowace kwalba ta tashi. Babbar ta cire kuɗin gyaɗa da na niƙa da na itace, ta fitar da riba kashi nawa ce cikin ɗari. Darasi ɗaya, zurfi huɗu. Kuma ƙaramin yana jin abin da ake tambayar babban, ko bai gane ba yana shiga kunnensa, ran da aka zo kansa ba baƙo ba ne. Wata rana babbar ta gano Inna faɗuwa take yi a kan mai in ta sayar da shi a farashin da ta saba. Inna ta ce ita ta daɗe da sani, don dai masu sayen maƙwabta ne. Wannan kuma wani darasi ne da babu shi a manhaja.

To, bari mu zo kan hukuncin da aka ce ilmin zamani ya yanke. Yaushe ya yanke shi, a wace kotu? Wannan tsari na jera yara aji-aji bisa shekaru ba tare da duniya aka halicce shi ba. A Amurka, wani jami'in ilmi mai suna Horace Mann ya zaga Turai a 1843, ya ga yadda ƙasar Furushiya, wadda yanzu ta narke cikin Jamus, take jera yaranta, ya dawo yana yabo. A 1848 aka buɗe makarantar Quincy a birnin Bostan, wadda ake ambata a matsayin ta farko a can da aka ba kowane aji ɗakinsa da malaminsa. Kafin nan, har ma da daɗewa bayan nan a ƙauyukansu, ɗaki ɗaya ne, malama ɗaya, yara daga mai koyon baƙi har mai shirin aure. Abin da ya kawo jerin aji kuwa yawan yara ne a birane. In kana da yara 700 a gini ɗaya dole ka sami hanyar kasa su, shekara kuma ita ce ma'aunin da ya fi sauƙi ga magatakarda. Dabara ce ta mulki, kuma ba laifi ba ce a inda ta dace. Laifin shi ne a ɗauki dabarar kasa yara 700 a kawo ta gidan da ke da yara huɗu, a ce in ba ita ba babu karatu.

Mu nan ma mun san yadda ma'aunin yake. Lokacin da aka ƙaddamar da shirin UPE a watan Satumba na 1976 aka ce ɗan shekara 6 za a ɗauka, alhali yawancin yaran karkara ba su da takardar haihuwa. Ku tambayi iyayenku yadda ake yi: a ce yaro ya ɗora hannu ta bisa kansa ya kamo kunnensa na ɗaya gefen. In ya kamo ya isa shiga, in bai kamo ba ya dawo baɗi. Watau tsawon hannu ne ya raba tsara da tsara. A kan wannan ne za a tsaya a gaban jama'a a ce kimiyya ta yi magana?

Abin da ya fi ba ni haushi a maganar ɗan'uwan nan shi ne yadda ya furta kalmar gargajiya kamar wanda ya taka kashin kaji. Shi kansa na tabbata ta makarantar allo ya biyo, kamar ni, kamar kusan duk wanda ke zauren nan a daren. Ya manta yadda take? Kolo yana gefe yana fama da babbaƙu, na gaba da shi ya shiga farfaru, titibiri yana biya allonsa, gardi yana can yana tilawa, duk a inuwa ɗaya, duk a lokaci ɗaya. Ba mai wanke allo sai ya biya an ji ya zauna, ko da shekararsa nawa. Ba a taɓa cewa wane ya shekara a izu ɗaya, a ciyar da shi gaba don kada ƙaninsa ya cim masa. Malam kuwa ba shi ke bin kowane yaro ba. Manya ke rubuta wa ƙanana, su biya musu, shi yana sa ido yana gyara. An ce a 1914 Gwamna Lugga ya ƙiyasta makarantun allo a Arewa sun kai 25,000, da almajirai 218,618. Ku raba ku gani, kowace makaranta ba ta kai yara 9 ba. Wannan ai gida ne da 'ya'yan maƙwabta. Shekara biyar kacal ke nan a lokacin da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa ta boko a Nasarawa ta Kano, a 1909. Wa ya tarar da wani?

Kada a ce ina wanke makarantar allo tas. Akwai bulala da ta wuce kima, akwai haddar da ba a san ma'anarta ba, akwai kuma bara, wadda ta zama abin kunyarmu a titunan kowane birni. Amma ko ɗaya daga cikin waɗannan ba haɗa babba da ƙarami ne ya jawo shi ba. Mun zubar da abin da ke da kyau a cikinta, mun bar mata abin da ba shi da kyau, sa'an nan muna nuna ta da yatsa.

In kuma ana son misali daga manya, ga gidan Fodiyo. An haifi Shehu Usmanu a 1754, ƙaninsa Abdullahi kuwa yana bayansa da kimanin shekara 12. Abdullahi da kansa, a littafin da ya lissafa malamansa, ya faɗi cewa bayan ya yi karatun Alƙur'ani wajen mahaifinsu, hannun wansa aka bar shi, a wajensa ya yi yawancin karatunsa na farko. Muhammadu Bello, wanda aka haifa a 1781, ya yi karatu wajen mahaifinsa da wajen baffansa Abdullahi. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, a tsakar gidan nan ta tashi, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, daga baya ta kafa 'yan taru, tana naɗa wa jajoji malfa tana tura su ƙauyuka su karantar da mata, tsofaffi da 'yan mata a zama ɗaya. Wane aji Asma'u ta gama? Wa ya ce mata ta dakata, wannan littafi na 'yan aji 6 ne?

Na san halinmu, magana ba ta shiga kunnenmu sai an ce Bature ya faɗa. To, ga Turawa. Wani limamin kirista ɗan Sikotlan, Andrew Bell, yana kula da gidan marayu a Madaras ta ƙasar Indiya, ya ga yaran gari suna koya wa junansu rubutu a kan rairayi. Ya kwaikwaya, ya buga littafi a kai a 1797. A 1798 Joseph Lancaster ya buɗe makaranta a Landan a kan irin wannan tsari, manyan yara suna koyar da ƙanana, ana kiransu monita, sunan da har yau muke kiran mai rubuta sunayen masu surutu. Gaskiya tsarin nasu ya mutu, kuma ya cancanci mutuwa, domin sun mai da shi hanyar tara ɗaruruwan yara a hannun malami ɗaya don tsimin albashi. A 1907 Maria Montessori ta buɗe gidan yaranta a wata unguwar talakawa a birnin Rum, ta haɗa 'yan shekara 3 zuwa 6 a ɗaki ɗaya da gangan. Yau sai ka ga babban ma'aikaci a Kano ko Kaduna yana zuba dukiya don ɗansa ya shiga makarantar da aka rubuta sunan matar nan a allonta, shi ne kuma zai hana ɗan nan zama kusa da wansa a gida wai kada ya ruɗe. A ƙasar Kolombiya, tun 1975 shirin Escuela Nueva yake tafiyar da makarantun ƙauye inda malami ɗaya ko biyu ke riƙe da azuzuwa da yawa a ɗaki ɗaya, kowane yaro yana tafiya gwargwadon ƙarfinsa. A Indiya ƙungiyar Pratham ta fito da tsarin kasa yara bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba. Abhijit Banerjee da Esther Duflo, waɗanda suka sami kyautar Nobel a 2019, suna cikin waɗanda suka auna shi suka ga yana aiki, har an kawo shi an gwada a Barno da Kano. Watau sai da aka zaga ta Indiya, aka haɗa da kyautar Nobel, kafin a dawo mana da abin da malamin allo na unguwarmu yake yi tun kafin a haifi kakana: kada ka wanke allo sai ka biya.

Yanzu bari in taimaki abokin muhawarata, in faɗi abin da ya kamata ya faɗa bai faɗa ba, don shi ne ainihin haɗarin, kuma ni na faɗa cikinsa. Da na ga tsarin tabarma yana tafiya sai na sami sauƙi, na fara fita wajen abokai. Wa na bar wa yaran? Ƙanwata 'yar shekara 15. Ita ke biya wa wannan, ta duba rubutun wancan, ta goya Auta in ya yi rigima, bayan ta yi shara da wanke-wanke da ɗebo ruwa. Ni kuwa ina karɓar yabo a wajen Baba. Wata rana da dare na tarar da ita da littafin kimiyyarta a cinya, fitila na ci, ta yi barci a zaune. Na tashe ta na ce ta je ta kwanta. Ta ce, "Yaya, wata biyu ke nan ban wuce shafin nan ba." Ba ta ƙara ko kalma ba, ni ma ban sami abin cewa ba. Na gyara wa ɗan shekara 11 karatunsa da guzurin 'yar'uwarsa. Daga ranar na yanke cewa daga hantsi zuwa azahar nata ne ita kaɗai, ba mai kiranta ko gobara ake yi, na kuma sa namijin ya karɓi ɗebo ruwa, abin da ya jawo mini doguwar magana da Inna.

Wannan shi ne ramin da ke cikin karatun gida a ƙasarmu, kuma ba ramin shekaru ba ne, na rashin adalci ne. Babba yana ƙaruwa da koyar da ƙarami in abin da yake koyarwa yana kusa da abin da shi ma yake nema ya ƙware a kai, kamar yadda ya faru da malamin Auta. Amma 'yar aji 4 na sakandare ba abin da za ta ƙaru da shi a a, ba, ca. Ita tana bukatar wanda ya fi ta, da kuma awa biyu na shiru. A gidajenmu kuwa in an ce babba ya kula da ƙanana, kowa ya san wace babbar ake nufi. Duk wanda zai kare tabarma ɗaya, irina, bai kuma faɗi wannan ba, maƙaryaci ne.

Haka nan ba na cewa a cire yara daga makaranta. Na san a Amurka tun 1993 doka ta halatta karatun gida a duk jihohinsu 50, kuma hukumar ƙidayarsu ta ce a 2020 gidajen da ke yin haka sun tashi daga kashi 5.4 cikin ɗari zuwa 11.1 a 'yan watanni. A Jamus kuwa haramun ne. Mu tamu dokar UBE ta 2004 ta ɗora wa iyaye wajibcin sa yaro firamare da ƙaramar sakandare. Ba'amurken da ya ajiye ɗansa a gida yana da littattafai da lantarki da intanet, galibi kuma ɗaya daga cikin iyayen ya bar aiki don haka. Mu a zaurenmu ba ɗakin gwaje-gwaje, ni kaina ban iya koya wa ƙanwata kimiyyar haɗa magunguna ba, don ban san ta ba. Kwaikwayon Amurka a nan hauka ne.

Amma mu ba zaɓa muke yi ba, jama'a, zaɓa mana ake yi. Korona ta rufe makarantu wata shida da ɗoriya. Ba a gama farfaɗowa ba aka sace ɗalibai fiye da 300 a Ƙanƙara ranar 11 ga Disamba na 2020, aka bi da Kagara a Fabrairun 2021, aka kwashe 'yan mata 279 a Jangebe ranar 26 ga watan, jihohi suka yi ta rufe makarantun kwana. Hukumar UNICEF ta daɗe tana ambaton yara miliyan 10.5 da ba sa zuwa makaranta a Nijeriya, a 2022 UNESCO ta ce sun kai wajen miliyan 20, kuma kowa ya san a wane ɓangaren ƙasar yawancinsu suke. Waɗannan yara suna gida yanzu haka, babba da ƙarami, a tsakar gida ɗaya. To, in ka tsaya a gaban ɗalibai ɗari, waɗanda kowannensu yake da ƙanne a gida, ka ce musu haɗa yara a tabarma ɗaya ɓata lokaci ne, me ka ba su a madadinsa? Ba ka ba su aji ba, don ba ka da shi. Ka dai ba su hujjar naɗe hannu. Wannan ne ya sa maganar ta tsaya mini a wuya. Tafin da aka yi a daren nan, ina jin rabinsa na murna ne an sauke mana nauyi.

Ga malamanmu na Sashen Ilmi, Allah ya gafarta malam, ina da tambaya cikin ladabi. Ɗaliban da kuke yayewa, da yawansu ƙauye za a tura su, inda za su tarar da malami biyu da aji shida. Wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. Awa nawa ake ba su a kan yadda mutum ɗaya zai riƙe yara masu mataki daban-daban a ɗaki ɗaya? Abokaina da ke sashen sun iya zana tsarin darasi na minti 40 ga aji ɗaya mai tsara ɗaya, ajin da ba za su taɓa gani ba sai a takardar jarrabawa. Ina ganin da za a ɗauki ɗalibi a kai shi ya zauna mako biyu a gaban wani alaramma, ba don ya koyi bulala ba, don ya ga yadda mutum ɗaya yake sanin inda allon kowane yaro ya tsaya, da ya fi masa wani babin da yake haddacewa. Mu kuma 'yan Ƙungiyar Hausa, da muke ta kukan ba a karanta Hausa, ina littattafan da muka rubuta waɗanda wa zai karanta wa ƙaninsa, babban ya sami abin tunani, ƙaramin ya sami abin dariya? Mun fi son mu rubuta wa junanmu waƙoƙin da mu kaɗai ke ganewa.

Shi kuwa ɗan'uwana mai raƙumi da akuya, ga abin da nake nema a wajensa, ba ya cin kuɗi. Hutu ya ƙarato. In ka je gida, ka kira ƙaninka ko ɗan wanka da ke aji 4 ko 5 na firamare, ka ja shi gefe inda ba kowa, ka miƙa masa wannan mujalla, ka nuna masa sakin layin farko na wannan takarda, ka ce ya karanta maka da ƙarfi. Kada ka taimake shi, kada ka kuma daka masa tsawa. Sa'an nan ka kira wanda ke bi masa ka yi masa haka. Abin da ka ji ka rubuto shi yadda yake. Na riga na roƙi Malam Edita, ya kuwa amsa zai ajiye maka shafi biyu a fitowa ta gaba.